Mato da Attaruhun Inna Tabawa

Can gangaren rafi, a bayan garinmu, an yi wata tsohuwa Inna Tabawa da ɗanta Mato. Ƙato ne, gemu har ya soma furfura, ga ladabi, amma kan nan fanko, Allah sarki. Abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A farkon damina Inna Tabawa ta yafa sauran irin attaruhun da ta gada wajen uwarta a ɗan lambunsu na bayan ɗaki, ko ƙwara ba ta rage ba. Tsirowarsa ke da wuya ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya goce, sai kwanciya. In wannan yafin ya mutu, irin ya ƙare ke nan.

Wata rana ta kira Mato ta taga, ta ce yafin ya cunkushe, duk inda ya ga biyu kusa da juna ya cire ƙaramin. Ya durƙusa tun hantsi. Ya cire ƙarami, ya duba, sai ga wani ya fi na kusa da shi ƙanƙanta, ya cire. Da azahar ta ji shirun ya yi yawa, ta tambaya saura nawa.

"Ashirin, Inna. Amma har yanzu akwai ƙarami."

Ta ce ya tashi daga wurin, ta juya fuska bango.

Wata rana kuma ta ce ciyawa ta taso, duk abin da ba su biyun suka shuka ba ya tuge shi. Mato ya tuge ciyawa tas, sannan ya tuna cin-da-zugun da ya kewaye lambun marigayi babansa ne ya dasa. Ya bi shingen nan ya tuttuge. Kafin la'asar awakin maƙwabta sun shiga. Saura bakwai.

"Mato, kashe ni za ka yi?"

"A'a, Inna, ai ba ki ce ba."

Ta share hawaye, ta ce daga yau kada ya ɗauke ido daga kansu, ko na ƙiftawa.

Wata rana hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ta ce maza ya hau soro ya buɗe indararo. Mato ya tsaya: ga soro, ga attaruhu. Sai ya haƙe bakwai ɗin har da ƙasarsu, ya jera a tsohon daro, ya ɗora a ka. Tana kwance ta ga ganye ya gifta ƙofa ya bi tsani. Sun fara fure, kuma mai fure ba a taɓa saiwarsa.

Ruwa ya kece, rafi ya cika ya hauro, ya share lambun har ƙasar da ke cikinsa, ya tsaya a dokin ƙofa. Da aka ɗauke, sai ga muryar Mato daga sama.

"Inna, bakwai. In sauko da su?"

Ta dubi rufi, ta ce ya bar su a nan.

"To, a miƙo min tabarma."