Dawar Gadar Tsallake

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, na mutane nake karantawa, kuma wannan ɗin ma na sha ɗauko shi ina mayarwa. Duk inda kuka ga ya karkace, laifina ne. Dabbobin sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

A Dajin Marke akwai sarki, akwai majalisa, akwai rumbu. Sarkin Zaki ne, ba a cika ganinsa ba, sai dai a ji saƙonsa ta bakin Hankaka. Majalisa tana zama a gindin wata tsamiya, Dila ne shugabanta. Rumbu kuwa na kowa ne. Duk kaka ana zuba dawa a cikinsa don ciyar da masu aikin jama'a, Burgu ma'aji yana tsaro, kuma ba mai taɓa ko zangarniya ɗaya sai majalisa ta yarda.

Cikin wakilai akwai wata bushiya, Ladingo, mai wakiltar Tsallake, unguwar ƙananan dabbobi da ke bayan rafi. Da rani rafin nan yashi ne zalla, tururuwa ma ƙetarewa take yi. Amma da damina sai ya cika ya dinga ruri, ya raba Tsallake da kasuwa da gidan Kunkuru mai magani har kaka. Ladingo ba ta iya tsayuwa gaban taro ba, muryarta rawa take yi. Duk da haka ta yi ta naci har majalisa ta amince a ware dawa a ba giwaye, su jawo gungumen giginya su gitta shi a kan rafin. Ranar ba wanda ya ƙi. Har tafi aka yi.

Da gudu ta kai labari ga Inna Gambo, tsohuwar da ta raine ta, wadda ciwon ƙafa ke kayar da ita duk damina.

"Inna, bana a kan gada za ki je wurin Baba Kunkuru."

"An zuba dawar a bakin giwa?"

"An amince, Inna."

"To," in ji tsohuwa. "Allah ya sa amincewa tana ɗaukar nauyin tsohuwa."

Majalisar tana da wasu al'adu biyu, kowacce da hujjarta. Ta farko, in sarki ya roƙi a sake duba wani abu, ba a taɓa dawar da aka ware wa abin sai an gama magana an jefa ƙuri'a. Wannan girmama sarki ne. Ta biyu, duk dawar da aka fitar ba a ci ba har ruwan farko ya sauka, rumbu za ta koma, maganarta ta mutu. Wannan kuma don kada ta jiƙe. Ba wanda ya taɓa ajiye al'adun nan gefe da gefe ya dube su, sai dai watakila Dila.

Rani ya yi nisa, giwaye sun iso, an jibge dawarsu a bakin rumbu. Ran nan Hankaka ya sauka a kan dutsen da ake hawa a yi magana a majalisa, ya gyara farin ƙirjinsa.

"Sarki yana gaishe da majalisa. Sarki yana son gada, ba mai sonta kamarsa. Sai dai ya leƙa rumbu ya ga ya rame, hankalinsa ya tashi. Yana roƙo, in babu takura, majalisa ta sake duba dawar nan, ko za a bar ta a inda take."

Kafin ya rufe baki Burgu ya haye tsibin dawar ya zauna. Giwaye suka dube shi, suka dubi juna, suka nemi inuwa.

Ladingo ta lallaɓa wurin Zomo, wakilin Fadama, wanda ya tsufa a majalisa.

"Yaya Zomo, kayar da ita za su yi?"

"Wa zai kayar? Ƙanwata, kowa yana tare da ke."

"Alhamdu lillahi."

"Ban ce ki gode ba tukuna," in ji Zomo, ya ci gaba da susar kunne.

Ba ta gane ba. Abin da ta gane shi ne gada tana bukatar masu kare ta, don haka ta bi wakilai gida gida tana roƙon kowa ya tashi ya yi magana. Kowa ya ce mata ai ko ba ta roƙa ba.

Biri ya fara. Ya gai da sarki, ya gai da shugaba, ya gai da kakannin shugaba, sannan ya kawo tarihin giginya tun tana ƙwallo. A majalisar nan ba a katse mai magana, don haka rana ta faɗi yana kan amfanin muruci. Washegari Kura ta karɓa, ta yi hawaye saboda ƙananan dabbobi, ta ce ita duk dajin nan ba waɗanda take tunawa kullum kamarsu. Hawainiya ta nemi izini, aka ba ta. Zama guda ta cinye tana takowa zuwa dutse, da ta isa ta ce, "Ni ba na canza launi a kan maganar gada," ta kuma nemi a ba ta gobe ta bayyana dalili.

Ladingo tana zaune tana ta sa albarka a zuci. Ba ta taɓa sanin tana da masoya haka ba.

Sai wata safiya ta ɗaga kai ta ga shamuwa a kan tsamiya. Iska ta juya, gabas ta fara duhu. Ta dubi dawa, Burgu na kai yana gyangyaɗi. Ta dubi giwaye, haƙarƙarinsu ya fara fitowa. Ta dubi layin masu jiran yin magana, waɗanda ita da ƙafarta ta tara. Ƙayarta ta miƙe.

Ta nemi izini, ta hau dutse. "Ranka ya daɗe," ta ce, "a jefa ƙuri'a."



"Shi ke nan?" in ji Kura. "Ba gaisuwa, ba godiya? Allah ya ja zamanin shugaba, mu da muka busar da maƙogwaro saboda yarinyar nan, yau mu za ta sallama da magana ɗaya kamar masu tallar goro?"

Idanu suka yi caa a kanta. Ladingo ta yi abin da bushiya ke yi in duniya ta yi mata yawa: ta dunƙule.

Biri ya ce a ɗauke ta a ci gaba. Dila ya ɗaga hannu.

"Wakiliyar Tsallake ba ta sauka daga dutse ba. Wanda bai sauka ba, magana yake yi. Mu kuma ba ma katse mai magana."

Aka zauna ana sauraronta cikin ladabi har la'asar. Daga cikin dunƙulen tana jin Zomo yana raɗa, "Ƙanwata, warware mana, lokacinki kike ci." Tana so, jiki ya ƙi. A ranar ne giwaye suka gaji, suka kama hanyar wani dajin da aka ce ana ciyar da ma'aikata.

Da ta samu ta warware, ta ba da haƙuri da murya ƙasa ƙasa. Ta ce ba raini ba ne, tsoro ne. Da wakilai sun ga wurin da idonsu, da sun san abin da ke cin ta.

"Madalla da wannan shawara," in ji Dila. "Majalisa ba ta yanke hukunci a kan abin da ba ta gani ba. Gobe duka za mu je."

Suka tafi kuwa, kowa da kwalliyarsa. Suka taka yashin rafi suka haye, Kura tana cewa ita ba ta ga ruwan da ake ta kuka da shi ba. Mutanen Tsallake suka fito da ɗan abin da suka ɓoye na damina, gyaɗa da aya da gara, suka shimfiɗa wa baƙi. Ana cikin ci hadari ya haɗo. Ɗigon farko a kan hancin Dila ya sauka.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gashinsa. "Jama'a su shaida. Sarki bai hana ba, roƙo ya yi. Majalisa ba ta soke ba, goyon baya ta bayar, baki ɗaya. Abin da ya faru, ruwa ne, shi kuma ba mu da iko da shi."

Can ƙetare ana hango Burgu yana jan dawa zuwa rumbu da wani irin ƙarfi da ba a san yana da shi ba. Hankaka ya tashi ya tafi kai wa sarki labari. Sauran suka fake a gindin wani dutse har ruwa ya tsagaita, sannan Kura ta yi miƙa ta ce a koma gida.

Suka isa bakin rafi suka tarar da shi ya cika maƙil, jajawur, yana tafe da itatuwa. Biri ya sa yatsa ya janye. Hawainiya ta koma launin toka.

Ba a taɓa yin zama mai sauri irin na bakin rafin nan ba. Ba gaisuwa, ba tarihi. Kura ta kawo shawarar a gina gada yau yau, kowa ya ɗaga hannu, har Hawainiya ta riga wasu. Sai Dila ya yi gyaran murya, kuma a karon farko muryarsa ba ta yi daɗi ba.

"Ƙuri'a ba ta zama ƙuri'a sai a gindin tsamiya."

Duk suka juya. Ga tsamiya can, tsaf, ruwa ya wanke ta.

Ladingo ta koma gida a jiƙe, ta tarar Inna Gambo ta miƙe ƙafar nan mai ciwo a bakin rami, tana kallon wakilai suna rabon wurin kwana.

"Baƙin nan naki har yaushe?"

"Sai kaka, Inna."

Tsohuwa ta daɗe tana duban Kura, wadda ke shafa kan wani ɗan ɓera tana tambayarsa ina gidansu.

"Gada muka roƙa, aka kawo mana majalisa," ta ce. "Je ki faɗa wa unguwa kowa ya kira 'ya'yansa ciki. In ya so ki koya musu wannan dunƙulewar taki, na ji an ce har manya sun saurare ta."

Ni dai iyakar abin da na sani ke nan. Tun da hankalin kowa yana kan rafi, bari in ɗauki takalmana a hannu in bi ta baya.