Ranar Da Sallau Ya Soya Iska

Gidanmu yana can ƙarshen wani ƙauye a kan tsaunin Mambila, inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko. Mu biyu ne a gidan, ni da autana Sallau, sai akuya ɗaya da 'yan kaji. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana itatuwan gahawa kaɗan a bayan gida. Yayyensa mata kowace tana ɗakinta. Sallau ya haura talatin, ƙato ne, ga ƙarfi ga ladabi, bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai taɓa yi mini musu ba. Matsalarsa ɗaya ce. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, wanda ba a faɗa ba kuwa a wurinsa babu shi a duniya. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni da nake zaune da shi na lura yawancin wautar daga bakina take fitowa, shi dai nasa aiwatarwa.

Sana'ata suyar gahawa. Shekara da shekaru a kasko nake soyawa, in daka, in aika wa Malam Bakari mai shayin tasha, shi kuma ya dafa wa direbobi da citta. Da kafaɗata ta fara ciwo sai Isuhu mai walda ya ƙera mini ganga ta ƙarfe mai 'yar ƙofa a gefe da mariƙi, a zuba gahawa a ciki, a ɗora kan garwashi a riƙa juyawa. Na gode wa Allah, na ce ga aikin da ya dace da hannun Sallau, ko bayan raina ya sami abin riƙewa. Sai dai tun da gangar nan ta shigo, gahawarmu ta daina zama iri ɗaya. A kasko ina gani da idona, ganga kuwa a rufe take, sai dai kintace. Suya biyu muke yi a jere. Ta farko ta fito fari-fari da tsami, ta biyu ta fito baƙa da ɗaci. In na haɗa su, a sha tsami da ɗaci a kofi ɗaya. Malam Bakari ya fara aiko da ƙorafi, wai direbobi sun ce shayinsa ya zama caca, ba ka san abin da za ka kurɓa ba sai ya shiga baki. Ni kuma da ban san inda gizo ke saƙa ba, sai na yanke cewa kafaɗata ce take juyawa ba daidai ba, gara in koya wa Sallau.

Wata rana na ɗora ganga, na fara juyawa, sai na tuna ban jiƙa masara ba. Na kira shi na ce ya zauna nan ya kalli gangar nan da kyau, kada ya kalli wani wuri. Ina can wajen rijiya sai ƙauri ya iske ni. Na rugo na tarar da kicin ya turnuƙe, Sallau yana tsugune gaban ganga, hannuwa a kan gwiwa, idanu sun yi jajir, hawaye har haɓa. Na tambaye shi me ya hana shi juyawa. Ya ce kallo aka sa shi. Sannan ya ba ni labarin komai a jere, yadda hayaƙin ya fara fari, ya koma shuɗi, ya koma baƙi, da lokacin da wuta ta ɗan leƙo ta bakin ƙofa ta koma. Ya ce, "Ko ƙiftawa ban yi sosai ba, Inna." Na duba na ga gaskiya kallon ya yi shi yadda ya kamata. Kaji ma da aka watsa musu abin da ya fito, shinshinawa suka yi suka wuce.

Wata rana kuma na ce yau ba zan bar ƙofa ba. Na zuba gahawa, na damƙa masa mariƙi, na ce ya yi ta juyawa har in dawo, zan leƙa maƙwabta in duba mai jiki. Shigata ke da wuya ruwa ya tsuge, irin wanda yake cika kwari ya hana tsallakewa. Hira ta yi daɗi, aka kawo kunu, na yi azahar a can, ganga ta fice mini daga rai gaba ɗaya. Sai wajen la'asar na dawo. Tun daga ƙofar gida nake jin ƙiiƙi-ƙiiƙin mariƙi. Wuta ta daɗe da mutuwa, toka ta yi sanyi, gahawa ta zama garin gawayi tana zuba ta kafar ƙofa, shi kuwa yana nan yana juyawa, in hannun dama ya gaji ya karɓa da na hagu. Abin da ya fi damuna salla ce. Na tambaye shi azahar fa. Ya ce ya ji kira, ransa ya so tashi ƙwarai, amma ban dawo ba. Na ce ya saki ya je ya yi alwala. Ya ce, "Kin dawo ke nan?" Na ce na dawo. Ranar na daɗe a kan sallaya ina istigfari, don na san in za a tambayi wani game da azahar ɗin nan, ba shi za a fara tambaya ba.

Da na ga haka sai na ce abin da yake bukata shi ne alama, wadda zai gani ya san lokacin saukewa. Na duba gidan kaf ban ga abin da ya yi kalar gahawa mai kyau kamar bayan akuyarmu ba. Wata rana na nuna masa ita na ce ya riƙa buɗe ƙofar ganga yana dubawa, da ƙwayar ta yi kalar bayan akuyar nan ya sauke. Ya jawo akuya ya ɗaure a bakin kicin. Ranar akwai rana, gashinta a bushe, suya ta fito ja-ja, ba laifi. Na fara jin kaina, har na ce wa maƙwabciyata ashe koyarwa ma baiwa ce. Kashegari akuya ta sha ruwan sama tun da safe, ta jiƙe sharkaf ta yi duhu. Sallau ya yi ta buɗewa yana gwada ƙwaya a bayanta yana mayarwa, har sai da gahawa ta kamo jiƙaƙƙiyar akuya. Da na yi magana ya ce shi ma abin ya dame shi, akuyar nan ba ta tsayawa a kala ɗaya. Ya kawo shawara a riƙa yi mata wanka kullum kafin suya, ko kuma a riƙa shanya ta, in zaɓi ɗaya. Kunyar da na ji ita ce sai da na ɗan tsaya ina auna wanne ya fi sauƙi.

Wata rana na aika aka kira Isuhu mai walda ya zo ya duba aikinsa. Ya ƙwanƙwasa ganga, ya juya mariƙi, ya ce ƙarfensa lafiya lau, wataƙila dai ta yi kusa da wuta, a ɗaga ta. Bayan ya tafi na maimaita wa Sallau, har na ƙara da nawa ilimin, na ce ai iya nisanta da wuta iya tsirarta daga ƙonewa. Na shiga ɗaki na kwanta don kafaɗa ta matsa. Da na fito, ga garwashi yana ci a tsakar gida shi kaɗai, ba ganga ba Sallau. Sai na ji ƙiiƙi-ƙiiƙi daga sama. Yana kan rufin kicin, ya ari tsani, ya kafa ganga a kan bulo biyu daidai saitin murhu, yana juyawa a natse. Mata masu wucewa zuwa rafi sun ajiye bokitai suna kallo. Ya buɗe ƙofa ya ɗebo ƙwaya ɗanya shar kamar yadda aka zuba ta, ya nuna mini daga can.

"Ko ɗaya ba ta ƙone ba, Inna."

Na ce na gani, ya sauko a hankali.

Akwai kuma ranar da na koya masa sauraro. Gahawa in ta kusa nuna tana yin tas-tas kamar gugguru, na ce wannan ƙarar ita ce aminiyarsa, amma sai wuri ya yi shiru ake jin ta. Ya zuba, ya ɗora, ya kasa kunne, sai injin niƙa na bakin hanya ya tashi. Sallau ya ajiye mariƙi ya tafi ya roƙi mai injin ya kashe. Daga nan ya wuce wurin mai faskare, ya biya ta gidan da ake daka, ya tsaya ya ba wani jariri haƙuri. An ce da ladabi ya bi kowa, wasu ma don dariya suka daina. Ya dawo unguwa ta yi tsit, gahawa kuwa ta gama tas-tas ɗinta tun tuni ba mai saurare.

Da yamma Malam Bakari ya zo da kansa. Ya tsaya a zaure muka gaisa, ya tambayi jiki, ya yi wa marigayi addu'a, ya daɗe yana kewaye kafin ya zo kan magana. Ya ce shi mutum ne mai kunyar gidan nan, amma direbobi sun fara tsallakawa shagon gaba. Ranar kasuwa mai zuwa in kawo masa suya biyu kamar kullum. In sun zo iri ɗaya, shi ke nan. In sun zo kala biyu, zai koma ta gwangwani, kada in ga laifinsa. Na ce ba laifi, Allah Ya bar zumunci. Na koma ciki na kalli Sallau yana kankare ganga da toka yana 'yar waƙarsa, bai san sana'ar da nake tanadar masa ce take shirin kuɓucewa ba.

Wata rana, ranar kasuwar ke nan, na tashi da shiri. Na ce yau ba akuya, ba mai walda, ba dabara. Zan riƙa faɗa masa abu ɗaya-ɗaya, ina tsaye a kansa. Na ce ya hura gawayi, ya hura. Na ce ya ɗora ganga, ya ɗora. Na ce ya juya, ya kama juyawa. Na ga komai ya tafi daidai, sai na ce bari in shiga in yi walaha in roƙi Allah Ya rufa asiri, kafin ta fara ƙamshi na fito. Na yi sallata, na daɗe ina addu'a, na fito ina shinshina iska. Ba ƙamshi, ba ƙauri. Na waiga, sai ga gahawa a faifai a bakin ƙofar ɗaki, inda na ajiye ta da hannuna.

Na sa tsumma na buɗe ganga, wani huci ya bugi fuskata, ciki wayam. Na yi salati. Na ce, "Sallau, me kake soyawa?"

"Ban sani ba, Inna. Ba ki ce in zuba ba."

"Ba ka ji ta ba nauyi ba?"

"Na ji. Na zaci sabuwar dabara ce."

Ba lokacin faɗa, gawayi ya ci rabi, rana tana ɗagawa. Na juye rabin faifai cikin gangar nan mai zafi na rufe, na ce ya juya, da ya ji tas-tas ya gaya mini. Ba a jima ba ya ce ga ta. Muka ɗan ƙara mata lokaci kaɗan muka juye a tire muna fifitawa. Ta fito ja mai duhu, sumul, ƙamshi har zaure. Muka zuba ta biyu, wadda ita ce kullum mai yin baƙi. Ta yi tas-tas ɗinta a kan kari, ta fito. Na ajiye su gefe da gefe na kasa gane wacce ce ta farko.

Nan na zauna a kan turmi abin ya faɗo mini. Duk kwanakin nan suyar farko a ƙarfe mai sanyi muke zuba ta, ta biyu a mai zafi, ina za su zo ɗaya? Ni da ko gyaɗa ban taɓa zubawa a kasko mai sanyi ba. Hannuna ya san wannan tun ina budurwa, amma da aka ba ni ƙarfe mai mariƙi sai na ajiye abin da na sani na koma neman shawarar akuya.

Na daka kowacce daban, Sallau ne ya kai garin gahawar zuwa tasha a ƙulli biyu. Malam Bakari ya dafa kowanne daban, ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ya miƙa wa wani direba mai yawan tsegumi, shi ma ya kasa rarrabewa. Ya ce a gaya wa Inna ta ci gaba da aikowa. Sannan ya tambayi Sallau me aka canza. Sallau ya ce ba a canza komai ba, Inna ce ta manta.

Na yi iya ƙoƙarina in fahimtar da shi cewa zafin ganga ne, ya ce ya ji, amma shi abin da ya gani da idonsa shi ya riƙe. Yanzu shi yake suyar gidan, daga hura wuta har saukewa, kuma kunnensa ya fi nawa jin tas-tas. Sai dai kowace safiya in ya ɗora ganga ba komai a ciki ya fara juyawa, sai ya ɗaga murya daga kicin.

"Inna, lokacin mantuwa ya yi."

In ajiye faifai a bakin ƙofa, in shiga in yi walaha. In na fito kuma ba zai yarda a zuba ba sai na buɗe ganga, na leƙa, na yi salati kamar yau na fara gani. Na kan yi. Salati dai ba ya yawa.