Ciyawar Turawa a Garin Manoman Alkama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka taru buɗe filin wasan garinmu ba, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bari ba, don har yau akwai tsofaffin da idan na durƙusa gaishe su sai sun tambaye ni, "Malam, ya ciyawa?" Abin ya faru ne a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da aka hana shigo da alkama daga waje, kowa a yankinmu na Kura da Bunkure ya duƙufa nomanta da rani. Ni kuwa a lokacin sabon malamin firamare ne, na dawo gida daga kwalejin horon malamai da kwat guda ɗaya da ra'ayoyi barkatai (kwat ɗin ma na gwanjo ne, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo).

Babban ra'ayina shi ne a samu fili guda na kowa da kowa. Tun da aka kawo mana ruwan kanal, duk inda ka ajiye ƙafa gonar wani ce, damina shinkafa, rani alkama ko tumatir. Samari ba su da wurin buga ƙwallo sai gonar da aka girbe, ita ma bayan kwana kaɗan a sako mata ruwa. Mai biki sai ya tare hanya. Taron manoma kuwa a tsaye ake yinsa a bakin ƙofar ruwan kanal, tsakaninmu da mutanen Tsallake, wato ƙauyen da ke ɗaya gefen kanal, kuma da wuya a watse ba a fasa wa wani kai ba a kan wa zai fara ban-ruwa. Na ce a yi filin ƙwallo da kokawa, a gina ɗakin taro a gefensa, garuruwan biyu su mallake shi tare.

Wurin da ya dace guda ɗaya ne, wani tudu na Baba Ɗanladi, dattijon da ya fi kowa gonaki a garinmu. Ruwan kanal ba ya hawa tudun, an daɗe ba a noma shi ba, amma babban ɗansa Haruna yana shirin sayo injin ban-ruwa ya zuba alkama a wurin. Ranar da aka zauna a ƙofar gidan mai gari, na miƙe na gyara kwat na yi jawabi. Na ce na karanta ilimin ƙasa a kwaleji, na duba wannan tudu, ƙasarsa ta mutu murus, ko an shekara ana zuba mata ruwa ba abin da zai fito. (Gaskiyar magana, sanin da na yi wa tudun bai wuce na bi ta kansa a keke ba.) Baba Ɗanladi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in dai ƙasar ba ta nomuwa, to ya bayar. Haruna ya buɗe baki zai yi magana, uban ya ɗaga masa hannu. Kowa dai ya ji sharaɗin: in dai ba ta nomuwa.

Aka yi gayya, mu da mutanen Tsallake. Aka share wurin, aka buga tubali, ɗakin taro ya tashi aka rufa shi. Aka sa ranar buɗewa, za a kara tsakanin ƙungiyarmu da tasu, aka aika wa hakimi goron gayyata. Da a nan na tsaya da na mutu da mutuncina.

Abin da ya kai ni ya baro ni wata kalanda ce a ofishin hedimasta, mai hoton filin ƙwallon ƙasar waje, kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Kullum na kalle ta na tuna namu filin ja wur, sai raina ya ɓaci. Na shiga Kano na yi yawon neman irin ciyawa har ƙafata ta yi bororo, duk wanda na tambaya sai ya kalle ni kamar mai taɓin hankali, wai a ƙauye kuma ake neman ciyawar saye. A motar dawowa, muna wuce gonaki, na hango alkamar da aka shuka da wuri ta fito, gajeriya, koriya, lif-lif. Nan take Shaiɗan ya matso kusa da ni a kujera.

Na sami abokina Sabo, golan ƙungiyarmu, wanda yake da shanun huɗa da injin ban-ruwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce in tuna fa garin nan har makaho ya san alkama. Na ce masa matsalarsa ƙarancin ilimi, ai kafin ta fid da kai alkama ciyawa ce, kuma wa zai tsaya duba ganye ana kiɗa ana ƙwallo. Na sayo irin alkama na juye a wani buhu mai rubutun Turanci. Ranar kasuwar Kura, da gari ya watse, muka barbaza ƙasar muka watsa iri, Sabo ya jawo ruwa. Na kewaye filin da ƙaya, na kafa allo na rubuta da babban baƙi: CIYAWAR TURAWA, BA A SHIGA.

Ta fito. Kai, ba fitowa kaɗai ba, ta fito kamar tana jin haushina. Cikin mako uku filin ya zama kalandar hedimasta, har ya fi ta. Mutane suka riƙa tare ni a hanya suna tambayar ya ciyawa, ni kuma in tsaya in yi musu bayani dalla-dalla, in ce daga Ingila aka kawo irin, ba ta son yawan kallo, ba ta son numfashin akuya. Su gyaɗa kai cikin natsuwa su ce Allah ya ƙara ilimi. Wani ma ya tambaye ni ko Turawa suna yin tuwo da ita, na yi dariya na ce masa wannan jahilci ne. (Yanzu idan na tuna natsuwar fuskokin nan, sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.)

Ranar buɗewa gari ya cika maƙil. Makaɗa sun zo, mata sun yi layi a inuwar ɗakin taro, wakilin hakimi ya zauna a kujera da rawaninsa. Na karɓi lasifika na yi jawabin da ya kusa awa guda, rabinsa a kan ci gaba, rabinsa a kan ciyawa. Aka janye ƙaya. 'Yan wasa ashirin da biyu suka jeru a bakin fili, alƙalin wasa ya busa usur.

Ba wanda ya motsa.

Ya sake busawa. Shiru. Na ɗauka kwarjinin filin ne ya kama su, har na ce ta lasifika su saki jiki su shiga, ai nasu ne. Sai kyaftin ɗin Tsallake, wani dogo da ake kira Ɗanjuma, ya tsuguna ya tumɓuko tsiro ɗaya da saiwarsa, ya kaɗe ƙasar, ga ɓawon ƙwayar nan maƙale a gindi. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi. "Mu dai a gidanmu ba a taka abinci."

Dariyar da aka kwashe mako uku ana haɗiyewa ta fashe gaba ɗaya. Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa ai ta Ingila haka take kama da alkama (kuma lasifikar tana kunne). Wata tsohuwa daga cikin mata ta ɗaga murya ta ce to in ta nuna a ɗebo mata mudu biyu na Ingilan ta yi alkaki. Wakilin hakimi ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Na waiwaya neman Sabo, na hango shi ya juya baya yana gyaran ragar da ba abin da ya same ta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Dariyar ba ta gama lafawa ba Haruna ya fito tsakiyar taro, ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce a gaban jama'a aka ce ƙasar ta mutu, a gaban jama'a kuma aka ba da ita bisa wannan sharaɗi, ga shi Malam da hannunsa ya nuna duk yankin ba gonar da ta kai ta. A nan ne kunya ta koma tsoro. Na kalli ɗakin taron da mutanen gari biyu suka buga wa tubali da hannunsu, na san idan filin nan ya koma gona, ni na kashe shi, saboda kalanda. Wallahi ƙwalla ce ta cika min ido.

Baba Ɗanladi ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai kalli Haruna ba, ni ya kalla.

"Malam, shekara ashirin shanun Fulani suna kwana a kan tudun nan. Kai ne za ka gaya min ƙasata ta mutu? Na san ƙarya kake tun kafin ka gama gyara rigar nan taka. Na karɓa ne don na gaji da ganin ana ɗauko yara daga bakin ƙofar ruwa jina-jina." Ya nuna Haruna da sanda. "Tashi. Tabon da ke goshinka a ina ka samo shi?"

Haruna ya sunkuyar da kai. Ni kuma, da yake wautata ba ta ƙare ba, na ce, "Baba, ban san za ta yi kyau haka ba."

"Da ba ta yi ba," in ji shi. "Sau biyu ina zagayawa ta baya ina zuba mata taki. Ƙaryarka ce, amma ba zan iya ganin alkama tana jin yunwa ba."

Aka sake kecewa da dariya, har da Haruna wannan karon. Baba ya jira aka yi shiru, ya ce ya janye sharaɗi, fili na gari biyu ne ko da zinariya yake fitarwa. Amma ba mai taka alkamar nan sai ta nuna. Mutanen Tsallake su riƙa ban-ruwa, namu su tsare dabbobi, a girbe tare a ci tare. Korar tsuntsu kuwa ya ce a bar wa mai ilimin ƙasa.

Haka na yi makonni ina tashi daga makaranta in wuce fili da gwangwani da tsakuwa a ciki, ina kaɗawa ina ihu, ɗalibaina suna wucewa suna gaishe ni cikin ladabi mai cin rai. A wannan lokacin ne, saboda dole sai an zauna an tsara wa zai yi ban-ruwa yaushe, mutanen garuruwan biyu suka fara zama a ɗakin taro a kan tabarma, daga nan maganar ƙofar ruwa ma ta koma can. Da aka girbe, mata suka yi gurasa da funkaso da alkaki, aka buɗe filin a karo na biyu, aka buga ƙwallo a kan karmami. Tsallake suka zura mana uku, Sabo ya ce ƙaiƙayi ne ya shiga idonsa.

Tun daga nan bukukuwa nawa aka yi a wurin, da kokawa, da allurar rigakafi, da ajin yaƙi da jahilci na mata, ban san iyaka ba. Ƙanwar Ɗanjuma ma a ɗakin taron aka yi walimar aurenta da Haruna. An sha sa wa wurin sunaye masu daɗi a takarda, amma ka hau mota ka ce a sauke ka a Ciyawar Turawa, kowane direba ya sani.

Darasin da na koya kuwa bai da yawa. Idan ka gilla ƙarya a gaban manoma ka ga sun gyaɗa kai sun ce Allah ya ƙara ilimi, kada ka ɗauka yabo ne. Addu'a suke maka, kuma da gaske suke.