Rasuwar Dogon Bencin Shagon Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, mai shagon askin da ke tsakanin tela da mai gyaran waya yana sanar da abokan hulɗa da maƙwabta rasuwar dogon bencin shagonsa. Marigayin ya cika ne a bayan shago, ƙarƙashin indararo, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya yi masa.

Bencin ya girmi duk wani abu da ke cikin shagon. Katako ne mai kauri, ƙafarsa ɗaya ba ta kai 'yan'uwanta tsawo ba, shi ya sa kullum da kwali a ƙarƙashinta. Bai taɓa ganin fenti ba, wandunan jama'a ne suka goge shi har ya yi sheƙi. A tsawon rayuwarsa bai tambayi kowa matsayinsa ba. Ya ɗauki malamin makaranta, ya ɗauki makaniki da baƙin mansa, ya ɗauki yaran da ke tsala ihu tun kafin a kunna injin aski. In ya cika maƙil wani ya shigo, sai ya ce “ƙiii,” ya karɓe shi. In na bakin gefe ya miƙe ba sallama, sai ya ce “ƙwas,” ya jijjiga sauran, don su san tashi ma da ladabinsa. A kansa aka yi musun ƙwallo har muryoyi suka dishe. A kansa wasu wa da ƙani da suka daɗe ba sa ga maciji suka shirya, don babu wani wurin zaman, kuma layin ya ƙi tafiya.

Amma babban amininsa shi ne Baba Direba, abokin mahaifin mai shagon, wanda ya ajiye tuƙin manyan motoci bayan idonsa ya raunana. Baba ba shi da ko silin gashi a ka, gemu kuma bai taɓa yi masa kirki ba. Duk da haka kullum da hantsi yana can ƙarshen benci, jikin bango, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Shi ke raba gardama, shi ke hura ta in ta kusa mutuwa. In baƙo ya ce, “Baba, ai kai ne a gabana,” sai ya shafa sanƙonsa ya ce, “Wuce, ɗana. Nawa askin an gama shi tun kafin a haife ka.”

Yanzu sai dalilin rasuwa. Mai shagon ba zai ɓoye shi ba, domin mutum ne da ya saba faɗa wa kowa gaskiyarsa alhali reza na wuyan mai sauraro, bai kamata yau ya yi wa kansa sassauci ba.

Bai yi karatu mai zurfi ba, komai da kansa ya koya, kuma yana ji da hakan fiye da kima. Wata rana mai gyaran waya ya nuna masa cewa yanzu ana haɗa manhaja ba tare da an rubuta ko layi ɗaya na yaren kwamfuta ba. Ka ja akwati da yatsa ka ajiye, ka ja maɓalli ka raɗa masa suna, shi ke nan. Mai shagon ya duƙufa. Tsakanin wannan kai da wancan kai yana ja yana ajiyewa, har ya haɗa manhajar kama layi: mutum ya zaɓi abin da za a yi masa, ya zaɓi lokaci, ya zo a kan kari, ya tafi. Ya yi ta yi wa mutane huɗuba cewa jira ɓata rayuwa ne, zaman benci kuma sana'ar malalata. A gaban marigayin yake faɗa, marigayin bai tanka ba.

Manhajar ta yi aiki, kuma kada kowa ya zage ta a wurin makoki. Abin da aka sa ta shi ta yi. Layi ya watse. Mutum ya shigo shi kaɗai, kansa a waya, ya fita shi kaɗai. Benci ya koma daga shi sai Baba, suna kallon ƙeyar baƙo a madubi. Da mai shagon ya ga katakon ya tare wuri a banza, sai ya kira tela suka kinkime shi zuwa baya, ya kafa tukunyar furen roba a gurbinsa.

Da hantsi Baba ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban furen.

“Kai, ɗan nan, ina abokina?”

Mai shagon yana tsakiyar gyara wa wani ƙeya, bai ko ɗago ba. Ya ce, “Baba, ai yanzu an daina jira. Kowa da lokacinsa a waya.”

“To madalla. Duba mini, ni yaushe ne nawa?”

Da ma a ce ya yi shiru. A'a, sai ya zaro wayar da alfahari, ya miƙa ta saitin idon tsohon, yana karanto masa akwatunan da ya ja da yatsansa: aski, gyaran gemu, askin yara. Baba ya saurara har ƙarshe, ya shafa kansa, ya shafa haɓarsa, ya yi 'yar dariya.

“Ashe babu ni a ciki,” in ji shi. “To, a yi aiki lafiya.”

Ya juya da sandarsa, bai sake dawowa ba.

Daga nan ciwon marigayin ya tsananta. Ruwan indararo ya kumbura shi, rana ta tsattsage shi, gara ta shige shi ta gajeriyar ƙafar nan. Mai shagon yana ganinsa duk lokacin da ya fita zubar da gashi, sai ya kau da kai. Da abin ya fara cin ransa, maimakon ya taka zuwa gidan Baba, sai ya yi abin da ya fi sauƙi: ya buɗe manhaja ya ja sabon akwati, ya sa masa suna “Zama kawai.” Har yau babu wanda ya taɓa shi. Wayar Baba mai maɓallai ce, kira kawai take yi, kuma mai shagon ya san haka sarai tun kafin ya ja akwatin.

Shekaranjiya ya yanke shawarar mayar da benci gurbinsa a shago. Ya sunkuya ya kama shi ta tsakiya ya ɗaga. Marigayin ya ce “ɓaras,” ya rabe biyu a hannunsa, garin katako ya zubo masa a ƙafa. Kafinta ya zo ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai, ya ce an makara.

Benci ya rasu ya bar ƙanwarsa kujera mai juyawa, wadda mutum ɗaya kawai take iya ɗauka. Da madubi, wanda ya ga komai. Da fankar sama, da kwalin ƙarƙashin ƙafarsa. Da manhaja, wadda ke cikin ƙoshin lafiya. Ya bar masu zuwa aski da yawa, waɗanda suka yi shekaru a kansa amma babu wanda ya tambayi inda ya shiga, su ma su ɗauki rabonsu na kunya. Ya kuma bar Baba Direba, wanda maƙwabta suka ce yanzu a ƙofar ɗakinsa yake wuni, a kan bokitin da ya kife, yana gaida masu wucewar da ba sa tsayawa.

An aiki tela ya kai masa labarin rasuwar. Baba ya ce, “Allah sarki abokina. Shi mai shagon ƙafarsa ce ta karye, ko kai ma jawo ka ya yi da yatsa?” Tela ya dawo da saƙon bai rage ko kalma ba, kuma mai shagon ya karɓa, don ya cancanta.

Za a yi jana'iza gobe da la'asar a ƙofar shago. Ba za a yi aski ba, manhaja za ta wuni a rufe, kada kowa ya nemi lokaci a waya. Mai shayin da ya roƙi gawar don hura wuta ya yi haƙuri, ba a yanke hukunci ba tukuna, domin ba mai shagon ke da wannan maganar ba. Masu ta'aziyya su zo da abin zamansu. Mai shagon ba zai tarbi kowa ba da farko, zai tafi gidan Baba Direba da ƙafarsa ya tsaya a bakin ƙofa har a ba shi izinin magana. In tsohon ya ga dama ya daɗe bai ba shi ba, jama'a su yi haƙuri su jira. Ba za a ɗaga gawa ba sai Baba ya zo.