Ranar da Malam Iro Ya Ci Gumbar Sadakarsa

Ba zan taɓa mantawa da yadda na kashe Malam Iro da bakina ba, Allah ya yafe mini.

Muna Inugu lokacin, a gidan haya a unguwar Uwani, shekarar da ƙasa ta rikice kafin yaƙin basasa. Ni kaɗai na yi sakandare cikin matan gidan, don haka bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi gindin mangwaro, in kunna rediyon maigidana in fassara musu labarai. (Har gyaran murya nake yi kafin in fara.) Mama Nkechi mai gidan takan zo da gasasshiyar masara ta zauna cikinmu. Wayyo, tsakar gidan nan!

Malam Iro, mijin maƙwabciyata Yaya Asabe, ya kai albasa Anacha, shiru bai dawo ba. Rediyo ta ce an taɓa mutanenmu a can. Sai wani direba ya gaya wa maigidana ya ga hular Malam Iro a ƙasa kusa da buhunansa. Hula fa ya gani, ba mai hula ba. Ni kuwa na haɗa biyun na ɗinke, na tsaya gaban mata da muryar rediyo: "Innalillahi, an tabbatar."

Mama Nkechi ce kaɗai ta ce, "Wa ya gani?" Na ce, "Mama, ai labari ne ingantacce."

Yaya Asabe ta tsefe kitso, ta cire awarwaro, ta shiga takaba. Kukanta har yau yana kunnena.

Ranar sadakar uku muna rabon gumba, sai muka ji sallama. Ga Malam Iro, kai ba hula, ƙafafu duk sun kumbura. Ashe wani abokin cinikinsa ne ya ɓoye shi. Mata suka watse da salati, ni kuwa na daskare da faranti a hannu.

"Wa ya rasu?" in ji shi.

Yaya Asabe tana kuka tana dariya ta nuna ni: "Kai ne! Tambayi 'yar boko!"

Ya miƙo hannu ya ɗauki gumba, ya tauna a tsanake. "Malama, gobe in za ki kashe ni, ki ce a ƙara zuma."

Ba a jima ba rikicin ya tsananta muka watse, kowa da jirgin ƙasan da ya samu. Ban sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, sai dai a addu'a. Nakan ji da ma a mayar da ni wannan yinin, ko da kunyar tasa.

Yanzu ko jikata ta shigo ta ce ana ruwa a waje, ba na gaya wa kowa sai na leƙa taga.