Tafkinmu na Manga

Shekarar da salula ta iso Zuru, ƙanin matata Bala ya zo daga Yauri yana tsiya, wai su suna da kogi, mu ba mu da komai sai duwatsu. Ana tafka ruwa na sa shi a mota, muka shiga ƙauyuka. Kusa da Manga na hango ruwa malale a gindin dutse, na taka birki.

Na ce, “Ga tafkinmu. Yana shanye raƙumi, kuma cike yake da kadoji.”

Ban rufe baki ba wata tsohuwa ta ratsa tsakiyarsa, ruwan iya idon sawu. Sai na lura da turakun gola. Filin ƙwallo ne.

Har yau ko buta ta zube a gidana, Bala sai ya janye yara: “Ku matsa, kadojin Yaya!”