Basfar Bappa da Fetur Zalla

Wata uku na yi ina gyaran tsohuwar basfar Bappa, wadda ke jingine a zaurenmu na Nassarawo tun lokacin da aka taɓa hana hawa babur. Kowane noti sai na duba shi sau uku, hankalina bai kwanta ba. Amma da wani tsohon makanike ya ce in gauraya man inji cikin fetur, a raina na ce wataƙila dai bai yi makaranta ba. Na tace fetur zalla, na zuba.

Ashe irin wannan injin da gaurayen man yake rayuwa.

Ranar gwaji Bappa ya sha babbar riga, na goya shi muka nufi Ngurore. Ko Jimeta ba mu fita ba injin ya ƙone.

"Injiniya," in ji Bappa, "sauka mu tura."

Har yau in rediyo ya lalace, Goggo sai ta ce, "Ku ɓoye shi, Injiniya na zuwa."